Afuwar jini ta mai jini ce: buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan Majalisar Dokokin Birtaniya

Masu girma 'yan majalisa,

Ranku ya daɗe. Ina gaishe ku da aiki, tare da fatan alheri.

Ni 'yar Najeriya ce, Bahaushiya, shekarata goma sha ɗaya ina aikin jinyar tsofaffi a wani gari a arewacin Ingila. Ina biyan haraji a nan, kuma da yake dokarku ta ba 'yan ƙasashe renon Ingila mazauna ƙasar nan damar jefa ƙuri'a, ina cikin waɗanda suka tura ɗayanku zauren da kuke zaune. Da wannan 'yar ƙuri'ar tawa nake ƙwanƙwasa muku ƙofa. Na zaɓi in yi magana da harshen da na sha a nono domin maganar jini ce, ban iya yin ta da aron baki ba. Sannan ina so mutanen gida su ji, don su ma suna da matattun da har yau ba wanda ya ce musu uffan a kansu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne rigar kariyar da ake son yafa wa waɗanda ake zargi da kisa a rikicin Ireland ta Arewa, yankin da ke ƙarƙashin Birtaniya, rikicin da ya ci rayuka sama da 3,500 daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa yarjejeniyar zaman lafiya ta 10 ga Afrilu 1998. Kun fi ni sanin inda aka kwana. A Satumbar 2023 aka zartar da dokar da ta ce duk wanda ya je gaban sabuwar hukumar da aka kafa ya ba da labarin abin da ya aikata iya saninsa, ya tsira daga tuhuma ke nan. Dokar ta kuma tsayar da binciken musabbabin mutuwa da alƙalai suke yi daga 1 ga Mayu 2024, ta rufe ƙofar sababbin ƙararrakin neman diyya. A Fabrairun 2024 Babbar Kotun Belfast ta ce wannan kariya ta saɓa wa Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai, gwamnatin Ireland kuma ta kai Birtaniya ƙara kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai da ke Strasbourg. A Oktobar 2025 gwamnatin Labour ta kawo muku sabon ƙudiri wanda babu kariyar a cikinsa. Tun daga lokacin nake jin wasunku suna cewa an ci amanar tsofaffin sojoji, a mayar musu da rigarsu. Roƙona gare ku shi ne kada ku mayar da ita, ko ta ƙofa ko ta taga.

Kafin wani ya ce ai baƙuwa ce, ba ta san darajar soja ba, bari in faɗa muku daga inda na fito. Kakana na wajen uwa yana cikin waɗanda a garinmu ake kira 'yan Bama. Yana saurayi aka ɗauke shi, aka sa shi a jirgin ruwa, ya je ya yi wa sarkin Ingila yaƙi da Japanawa a dazukan Bama cikin rundunar sojojin Afirka ta Yamma. Ya dawo da tarin da bai rabu da shi ba har kabari, da lambobin yabo guda biyu da yake naɗewa a tsumma ya ajiye cikin gwangwani a ƙarƙashin gado. Mu jikoki mukan roƙe shi ya nuna mana, ya nuna, amma labarin yaƙin bai taɓa ba mu ba. A gidan soja na tashi, na san irin shirun da soja yake yi.

Na sake haɗuwa da wannan shirun a wurin aikina. Akwai wani dattijo da na yi jinya shekara uku kafin ya rasu. Yana ɗan shekara 19 aka tura shi Belfast, a farkon shekarun 1970. Ba ya zama ya ba ƙofa baya, ko a ɗakin cin abinci sai mun juya masa kujera. Farkon Nuwamba, lokacin da gari yake ɗaukar ƙarar wasan wuta, mukan sauke masa labule tun la'asar, mu ƙara sautin talabijin. Wani dare na shiga duba shi na tarar da shi zaune a ƙasa tsakanin gado da bango, rigar barcinsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Na zauna kusa da shi a ƙasan, na riƙe masa hannu har numfashinsa ya daidaita. A daren ne ya gaya mini yadda aka harbi abokinsa daga wata taga suna tsaye a kusurwar titi, da yadda ya ja shi zuwa bayan mota yana ta kiran sunansa. Duk ranar da wasiƙa ta zo masa a ambulan mai ruwan ƙasa irin na gwamnati, sai ya miƙo mini ya ce in fara duba daga ina take. Ba wanda ya taɓa tuhumarsa da komai, amma tsoron yana nan daram. Ban taɓa tambayarsa ra'ayinsa a kan dokar afuwa ba, don haka ba zan sa masa magana a baki ba yanzu da ƙasa ta rufe masa ido. Na kawo shi ne don ku san cewa tsohon da kuke cewa an hana shi barci, na gan shi da idona, da hannuna na goge masa gumi.

Sojoji sama da 250,000 ne suka yi aiki a Ireland ta Arewa tsakanin 1969 da 2007, kuma 722 daga cikinsu 'yan bindiga ne suka kashe su. A Warrenpoint kaɗai, ranar 27 ga Agusta 1979, bama-baman IRA, ƙungiyar 'yan bindiga masu son haɗewa da Ireland, sun hallaka 18. Kusan kashi 90 cikin ɗari na kashe-kashen rikicin ƙungiyoyin 'yan bindiga ne suka yi su, na masu son haɗewa da Ireland da na masu son zama da Birtaniya. Ban zo in rage ko ɗaya daga wannan ba. Sai dai sojoji ma sun kashe mutum kimanin 300, fiye da rabinsu farar hula, kuma a cikinsu akwai waɗanda binciken gwamnatinku da kanta ya tabbatar ko tsinke ba su riƙe ba.

Gani ya kori ji. Na ɗauki hutu na je Derry, a Ireland ta Arewa, da ƙafata. Birni ne mai ganuwa ta dutse, mai faɗin da mutum zai yi tafiya a kanta, daga can sama kuma ana hango unguwar Bogside a ƙasa. Na sauka titin Rossville na tsaya gaban dogon dutsen da aka rubuta sunayen mutum 14. Goma sha uku sun faɗi a ranar Lahadi 30 ga Janairu 1972, lokacin da sojojin laima suka buɗe wuta a kan masu zanga-zangar ƙin amincewa da tsare mutane ba tare da shari'a ba, na goma sha huɗun ya cika bayan 'yan watanni. Shida daga cikinsu 'yan shekara 17 ne, sa'o'in ɗan autana. A jikin bangon wani gida an zana wani limamin coci ya sunkuya yana ɗaga hankici mai jini, a bayansa maza suna ɗauke da yaro. Limamin Edward Daly ne, yaron kuma Jackie Duddy, wanda aka harba yana gudu. Can gaba kaɗan ne inda Barney McGuigan, magidanci mai shekara 41 da 'ya'ya shida, ya ji kukan wani da aka harba, ya fito yana ɗaga farin hankici don ya kai masa ɗauki, aka harbe shi a ka.

Akwai ɗan gidan tarihi a Glenfada Park, daidai filin da aka harbi wasu daga cikinsu, kuma cikin masu aiki a wurin har da 'yan uwan mamatan. An ajiye tufafin da wasu suke sanye da su a ranar, da hujin harsashi a jiki. Na daɗe a gaban gilashin. Mu masu jinya mun saba da kayan wanda ya rasu, mu muke ninke su mu sa a jaka mu miƙa wa iyali. Waɗannan kuwa iyalan sun kasa adana su a akwati kamar kowa, dole ta sa suka baje su a bainar jama'a, saboda su ne shaidar da ta rage musu.

Dalili kuwa, mako goma sha ɗaya bayan kisan, babban jojin Ingila, Lord Widgery, ya fitar da rahoton da ya wanke sojojin kusan tas, ya kuma bar zargin cewa wasu daga cikin mamatan sun taɓa makami ko bam. A kashe maka ɗa, sannan a shafa masa kashin kaji. Shekara 38 iyaye mata suna zuwa kasuwa da coci da wannan tabon a kan 'ya'yansu. Sai ranar 15 ga Yuni 2010, bayan binciken Lord Saville na shekara 12, aka tabbatar cewa babu ko ɗaya cikin waɗanda aka harba da yake barazana ga rayuwar kowa, ba a yi musu gargaɗi ba, kuma sojoji da dama sun ba da bayanin ƙarya suna sane. A zauren da kuke zaune yanzu Firaministan lokacin, David Cameron, ya miƙe ya ce kisan ba shi da hujja kuma ba za a taɓa samo masa hujja ba, ya nemi gafara a madadin gwamnati da ƙasa. Dubban mutane a dandalin Guildhall na Derry suna kallonsa a babban allo, suka yi masa tafi. Firaministan jam'iyyar Conservative, a tsakiyar garin da aka yi ɓarnar. Gaskiya guda ɗaya da aka faɗa da baki ta yi abin da shekara 38 na rufa-rufa suka kasa.

Haka aka yi a Ballymurphy ta Belfast. Mutum goma da aka harbe tsakanin 9 da 11 ga Agusta 1971, ciki har da limamin coci Hugh Mullan da Joan Connolly, uwar 'ya'ya takwas da aka ce 'yar bindiga ce, sai a watan Mayun 2021 mai shari'a Siobhan Keegan ta ce dukansu ba su ji ba ba su gani ba. Irin wannan binciken, sak, shi ne dokar 2023 ta tsayar. Da an zartar da ita shekara biyar kafin nan, da har yau 'ya'yan Joan Connolly 'ya'yan 'yar bindiga ne a takarda.

Ina yawan jin wasunku suna cewa shekara 50 ta wuce, mutane sun tsufa, shaidu sun mutu, me za a tsinta? To wa ya ja lokacin har ya kai 50? Tsakanin 1970 da 1973 akwai fahimtar juna tsakanin shugabannin soja da na 'yan sandan yankin cewa idan soja ya harbi mutum, 'yan sandan soja ne za su ɗauki bayaninsa. Abokan aikinsa ke nan, masu kaki irin nasa. Ana ɗaukar bayanin bisa umarni, ba tare da an gargaɗi mutum cewa za a iya amfani da shi a kansa ba, don haka kotu ba ta iya dogara da shi. Wannan ne ya rushe shari'ar wasu tsofaffin sojoji biyu a Mayun 2021 kan kisan Joe McCann. Irinsa ne kuma ya biyo shari'ar wanda ake kira Soja F, mutum ɗaya tilo da aka gurfanar kan kisan Derry. Ranar 23 ga Oktoba 2025 mai shari'a Patrick Lynch ya sallame shi, domin hujjar da aka kawo tsofaffin bayanan wasu sojoji biyu ne, ɗaya ya mutu, ɗaya ya ƙi ba da shaida. Amma a cikin hukuncin ya ce sojojin da suka shiga Glenfada Park sun harbi farar hula marasa makami suna gudu, kuma ya kamata masu alhakin su sunkuyar da kai don kunya.

Ba ni da ja da wannan hukunci. Alƙalin da bai ga hujja ba dole ya sallama, kuma wannan ita ce kariyar da soja yake da ita tun asali, ita ce ta tsare Soja F. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne hukuma ta ɓata bincike da hannunta a 1972, ta yi ta jan ƙafa har gashi ya yi fari, sannan ta dawo ta ce ai lokaci ya ƙure, a yafe. Tsufan da ake kuka da shi na wanda ake zargi, ai ita ma uwar mamacin ta yi shi, har ta wuce.

Ana ta maganar farautar tsofaffi kamar an cika gidajen yari da su. Tun bayan yarjejeniyar 1998, David Holden ne tsohon soja na farko da kotu ta samu da laifi kan kisan zamanin rikicin, a Nuwambar 2022. Aidan McAnespie, ɗan shekara 23, yana wuce shingen bincike a Aughnacloy zai je wasan ƙwallo a Fabrairun 1988 harsashi ya same shi a baya. Holden ya ce hannunsa ne a jiƙe yatsa ya zame, alƙali bai yarda ba, ya same shi da laifin kisa ta hanyar mummunan sakaci, ya yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka na shekara uku. Ko kwana ɗaya bai yi a kurkuku ba. Sojoji biyun da aka yanke wa ɗaurin rai da rai a 1995 kan kisan Peter McBride, ɗan shekara 18, an sake su a 1998, rundunar soja kuma ta ci gaba da riƙe su a aiki. Na ji tausayin Dennis Hutchings da ya mutu a Oktobar 2021 yana da shekara 80, ana tsaka da shari'arsa, yana fama da wankin ƙoda. Na yi jinyar masu wankin ƙoda, na san yadda yake tsotse mutum. Amma duk lokacin da aka ambaci sunansa a zaurenku, ina roƙonku ku haɗa da na John Pat Cunningham, mai shekara 27 da tawayar fahimta, mai tsoron duk wanda ya sa kaki, wanda aka harba a baya yana gudu a wata gona a 1974.

Akwai kuma abin da rigar kariya take yi wa soja mai gaskiya. Ba a yafe wa wanda bai yi laifi ba. Idan kuka ce an yafe wa kowa, kun haɗa dattijon da na yi jinya, da dubun dubatan irinsa da suka yi aikinsu suka dawo hannu tsaf, kun zuba su kwando ɗaya da 'yan tsirarun da suka harbi mai ɗaga hankici. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma maganinsa a tsince shi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini rai, wanda daga gida na taho da shi. A wajenmu idan an kai mamaci, liman yakan juyo ya ce jama'a a yafe masa, wanda yake binsa bashi ya zo ya faɗa wa magada. Roƙo yake yi. Ba ya cewa na yafe masa a madadinku, don ba shi da wannan ikon, ko da shi ne limamin Juma'a. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa haƙƙi iri biyu ne: na Allah, wanda Yake yafewa idan Ya so, da na bawa, wanda ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. A batun jini abin ya fi tsanani. Aya ta 178 ta Suratul Baƙara, da ta zo da hukuncin ƙisasi, a hannun ɗan'uwan mamaci ta sa rangwame. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ko iyalai sun yafe kisan ganganci, hukuma tana da nata kason na ladabtarwa, bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Kowa da nasa kaso. Sarki yana iya sassauta nasa, amma ba ya kyauta da na marayu.

Na san dokarku ba a kan wannan aka gina ta ba. A nan hukuma ce take shigar da ƙarar kisa, iyali shaidu ne kawai. To wannan ma ya ƙara muku nauyi ne. Kun karɓe wa mutane haƙƙin ɗaukar fansa, kun ce su zauna, mu za mu bi muku kadi. Amana ce a hannunku. A waɗannan shari'o'in kuwa, hukumar da ta karɓi amanar ita ce ta ɗauki wanda ake zargi aiki, ta ba shi bindiga, ta tura shi unguwar. Idan ta ce ta yafe masa, kanta ta yafe wa.

Kuna da misalin afuwa ta gaskiya a tarihin rikicin nan. Ranar 8 ga Nuwamba 1987 bam ɗin IRA ya tashi a Enniskillen ana taron tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙe-yaƙe, mutum 11 suka mutu a ranar. Gordon Wilson yana ƙarƙashin ɓaraguzai riƙe da hannun 'yarsa Marie, ɗalibar aikin jinya mai shekara 20, yana tambayarta ko lafiya, har ta daina amsawa. Bayan 'yan sa'o'i ya gaya wa BBC cewa bai riƙe kowa a zuciya ba, kuma zai yi wa waɗanda suka dasa bam ɗin addu'a. Maganar ta girgiza ƙasar nan har da ƙetare. Ta yi wannan nauyin ne don daga bakin uban yarinyar ta fito, ba wanda ya tilasta shi. Da minista ne ya tashi a majalisa ya ce an yafe jinin Marie Wilson, da cin fuska ya yi.

Hujjar da ta fi ƙarfi a bakin masu son kariyar ita ce an riga an yi wa 'yan bindiga sassauci, don me za a bar soja a rana? Gaskiya ne an saki fursunoni sama da 400 bayan yarjejeniyar 1998, kuma na san da ciwo. Amma waɗannan an kama su, an yi musu shari'a, an kira laifinsu da sunansa, yana nan a rubuce har gobe. Rage wa'adin ɗauri daban, hana a yi shari'ar tun farko daban. Gaskiya ne kuma an aika wa kusan mutum 200 da ake nema wasiƙun cewa ba a nemansu, har ɗaya daga ciki, wadda aka aika bisa kuskure, ta rushe shari'ar John Downey a 2014 kan harin bam na IRA a Hyde Park ta Landan a 1982 da ya kashe sojoji huɗu. Ku duba su wa wannan ya cuta: iyalan sojoji. Ku kuma duba inda suka sami sauƙi. 'Yar ɗaya daga cikin sojojin ce ta shigar da ƙarar neman diyya, a Disambar 2019 kotu a Landan ta ce Downey yana da hannu a harin. Irin wannan ƙofar ce dokar 2023 ta rufe. Rigar da aka ɗinka da sunan soja, ɗan IRA ma ta yi masa daidai, domin dokar ba ta bambanta su ba. Shi ya sa iyalan mutum 21 da aka kashe a mashayun Birmingham a 1974 suka ƙi ta. Shi ya sa jam'iyyun Ireland ta Arewa, daga DUP har Sinn Féin, waɗanda ba kasafai suke shan inuwa ɗaya ba, suka haɗu a kan ƙin ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wasu kan kawo misalin Afirka ta Kudu. A can mutum 7,112 suka nemi afuwa, 849 aka ba, kuma masu manyan laifuka a bainar jama'a suka yi bayani, iyalan mamata suna zaune suna da damar ƙalubalantarsu. Ajantina kuwa ta yi wa sojojinta dokokin kariya a 1986 da 1987, majalisa ta soke su a 2003, aka koma kotu da tsofaffin da suka ƙara tsufa.

Na ce ina so mutanen gida su ji, ga dalili. A 1906 rundunar Turawan mulkin mallaka ta shafe garin Satiru kusa da Sakkwato, aka kashe mutanen da ƙiyasi ya kai 2,000, ba wanda ya tsaya gaban alƙali. A Nijar, bayan da masu tsaron fadarsa suka harbe Shugaba Ibrahim Bare Mainasara ranar 9 ga Afrilu 1999, a cikin kundin tsarin mulki aka rubuta afuwar, sai da iyalinsa suka je kotun ECOWAS kafin a 2015 a ce an tauye musu haƙƙi. A Zariya, hukumar binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa ta ce an kashe mutum 348 a Disambar 2015, ta ba da shawarar a gurfanar da masu hannu a ciki. Lauyoyinmu a Najeriya da littattafan shari'arku suka yi karatu, sojojinku kuma suna ba namu horo. Ranar da Birtaniya ta ce shekaru suna wanke jini, duk mai kaki da ke da kabarin da yake son a manta ya sami abin nuni. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Ba ina roƙon ku jefa tsofaffi a kurkuku ba ne. Ku tausaya musu ta duk hanyar da ba ta taɓa haƙƙin wani ba. Wanda ba shi da lafiya ya ba da shaida daga ɗakinsa ta bidiyo. A ɗaukar masa lauya, a sakaya sunansa idan akwai barazana, kada a sake buɗe abin da aka bincika da kyau sai da sabuwar hujja, kada kuma wasiƙa ta faɗo masa haka kawai ba tare da wani ya zauna da shi ya yi masa bayani ba. Idan an same shi da laifi, sassaucin nan na saki bayan shekara biyu a kurkuku da ɗan bindiga yake samu, shi ma ya samu. Wannan kason naku ne, ku yi yadda kuka ga dama da shi. Amma ku bar wa alƙalai bincikensu, ku bar ƙofar kotu a buɗe ga 'yar soja da ɗan farar hula baki ɗaya, ku kuma matsa wa Ma'aikatar Tsaro da hukumomin leƙen asiri su fito da takardun da suke hannunsu a kan lokaci, domin jan ƙafa ma wata afuwa ce da ake bayarwa a ɓoye.

Ku kuma hanzarta. Ranar da David Cameron ya miƙe a zaurenku a 2010, cikin dukan iyayen waɗanda aka kashe a Derry, mahaifin Kevin McElhinney ne kaɗai ya rage da rai ya ji an wanke ɗansa. Waɗanda suke jira yanzu ƙanne ne da yayye da 'ya'ya, kuma da yawansu sun kai shekarun mutanen da nake yi wa wanka da safe.

Na gode da saurarona. Allah Ya yi muku jagora.

Taku,
Wata mai jinyar tsofaffi,
daga arewacin Ingila